Lokacin Barbarar Karya: Damina, Hunturu Ko Jini?



Sharhinmu na yau ya shafi wata dabba da ba kasafai ake kawo zancenta a zaure ba, alhali gidaje da yawa sai sun ji motsinta a tsakar gida da dare hankalinsu yake kwanciya. Karya nake nufi, macen kare, da abin da ke gudana a cikin jininta idan lokacin barbararta ya zo. A yi mini afuwa idan wata kalma ta yi wa kunne nauyi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wanda ya san GRA a nan Bauchi, tsohuwar da sabuwar, ya san irin gidajenta: doguwar katanga, fili mai faɗi, darbejiya da mangwaro sun rufe ko'ina. Turawan mulkin mallaka ne suka fara keɓe wa kansu unguwar, kuma faɗin filin nan shi ya sa har gobe mai gadi shi kaɗai ba ya isa, sai an haɗa masa da kare. A bayan ƙofofin ƙarfen nan za ka tarar da Jaman Shefad, wanda muke kira karen 'yan sanda, da Rotwaila, da Bowabul na Afirka ta Kudu, da Kokeshiyan mai gashi buzu-buzu. A waje kuma ga namu na gida, jajaye da farare, suna kewaya bola daga Yelwa har Wunti. Malamai sun yi bayanin halaccin riƙe kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, da yawansu sun haɗa da tsaron gida. To wanda ya riƙe, haƙƙin dabbar yana wuyansa.

Ka tambayi masu gadi uku yaushe ne lokacin barbarar karnuka. Ɗaya zai ce da damina, ɗaya ya ce da kaka, na uku ya rantse sai hunturu ya shigo. Kowannensu abin da idonsa ya gane masa ya faɗa. Ni dai abin da nake so mai sauraro ya riƙe shi ne, karyar da ke cikin gidanka ba ta jiran wani wata ya kama. Kowace karya da nata lissafin, kuma mai ita ne ya kamata ya san lissafin nan.

Asalin kare kyarkecin ƙasashen sanyi ne, shi kuwa sau ɗaya tak macensa take neman namiji a shekara, a ƙarshen sanyi, don 'ya'yan su faɗo lokacin da ƙanƙara ta narke, abinci ya wadata. Abin da ke sanar da jikinta lokaci ya yi shi ne tsawon rana. Idan dare ya yi tsawo, wani ɗan ƙullutu a cikin ƙwaƙwalwa yana ƙara fitar da sinadarin melatonin, idan dare ya gajarta ya rage. Da wannan ne tumakin Turai suke neman rago lokacin da rana ke gajarta, goɗiyoyinsu kuma lokacin da take ƙara tsawo. A Landan, rana mafi tsawo ta haura awa 16, mafi gajarta ba ta kai awa 8 ba. Mu a Bauchi, da muke wajen digiri 10 arewa da layin da ya raba duniya biyu, bambancin Yuni da Disamba awa ɗaya ne da 'yan mintuna. Shi ya sa akuyoyinmu da tumakinmu suke haihuwa a kowane lokaci na shekara.

Zama da ɗan Adam na dubban shekaru ya raba yawancin karnuka da waccan ɗabi'a ta kyarkeci. Abinci yana zuwa rani da damina, ga wurin kwana, sai jikin ya daina kula da tsawon rana. Karyar gida takan dawo neman namiji bayan kamar wata 7, wata ta yi wata 5, wata ta kai shekara. Jaman Shefad na cikin masu dawowa da wuri. Idan ka yi lissafi da wata bakwai-bakwai, za ka ga wadda ta yi a Janairu za ta sake a Agusta, sannan Maris, sannan Oktoba. Karya ɗaya ke nan ta ratsa hunturu da damina da bazara da kaka cikin shekara biyu. Ka ga inda saɓanin masu gadinmu ya samo asali.

Amma akwai waɗanda ba su saki tsohuwar hanya ba, kuma abin sha'awa, wasunsu daga nahiyarmu suka fito. Basenji, ɗan ƙaramin karen farautar nan na dazuzzukan Kongo wanda ba ya haushi irin na sauran karnuka, sau ɗaya macensa take yi a shekara. Da aka kai shi Ingila da Amurka sai aka ga a lokacin da rana ke gajarta yake yi, wajen Satumba da Oktoba. A 1956 wani masani mai suna John Fuller, a cibiyar bincike ta Jackson da ke jihar Maine a Amurka, ya nuna cewa idan aka rage wa Basenji awannin haske da gangan, lokacin barbararta yana sauyawa. Azawak, dogon siririn karen Buzaye na Nijar da Mali da Burkina Faso, shi ma masu kiwonsa sun shaida cewa yawanci sau ɗaya ne a shekara. Haka Dingo na Ostareliya. A Indiya kuma, binciken da aka yi kan karnukan titi a Jaipur da Bengal ta Yamma ya nuna barbara tana taruwa daga damina zuwa bayanta, kwikwiyoyi su cika titi da sanyi.

Saboda haka wanda ya ce karnukan unguwa suna da lokacinsu, ba zan ƙaryata shi ba. Karyar da ke rayuwa a bola, ƙibarta da ramarta suna bin wadatar abinci, kuma jikin da ya rame yakan jinkirta neman namiji. An kuma lura cewa karyoyin da ke zaune wuri ɗaya sukan jawo juna, ɗaya ta fara, sauran su biyo baya cikin 'yan makonni. Idan hakan ya faru a layi guda, hayaniyar dare ta isa ta sa mutum ya ce lokacinsu ne ya zo. Amma Rotwailar da ake dafa wa shinkafa da kan kifi kullum a cikin GRA, ita ba ruwanta da wannan.

To mene ne ke faruwa a jikin? Sinadaran nan da likitoci ke kira homon 'yan aike ne, jini ne hanyarsu, wani sashe na jiki ya aika, wani ya karɓa ya aikata. A wajen 1975 Patrick Concannon da abokan aikinsa a Jami'ar Cornell suka auna hawansu da saukarsu a jinin karya rana bayan rana, kuma a kan irin wannan aiki likitocin dabbobi suke tafiya har yau, daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya zuwa ɗan ƙaramin asibitin dabbobi na bakin titi.

Da farko ƙwaƙwalwa ce take aika saƙo zuwa gidan ƙwai, 'yan ƙwayaye su fara girma, su riƙa zuba sinadarin istirojin a jini. Shi ne yake kumbura gabanta. Da safe mai gadi zai ga ɗigon jini a kan siminti, nan ɗaya can ɗaya, daga bakin kejinta zuwa gindin famfo. Za ta riƙa lasar jikinta, tana fitsari kaɗan-kaɗan a kowane lungu, fitsarin kuwa ɗauke yake da ƙamshin da hancin namiji ke tsinta daga nesa. Kafin kwana biyu ka ga baƙin karnuka uku ko huɗu sun yi zaman dirshan a ƙofar gida, ana kora suna dawowa, wani har ya fara tona ƙarƙashin get. A wannan matakin ba ta yarda da kowa, wanda ya matso ta yi masa gurnani ko ta zauna daɓas. Yakan ɗauki kamar kwana 9, amma wata kwana 3 ne, wata ta haura mako biyu.

Nan ne inda yawancin masu karnuka suke tafka asara, don haka a saurara da kyau. Idan istirojin ya kai ƙololuwa ya fara sauka, sai ƙwaƙwalwa ta saki wani sinadari da ake kira LH a lokaci guda, bayan kamar kwana biyu ƙwai ya fito. A daidai lokacin nan jinin yakan tsinke, ya koma ruwa-ruwa mai ɗan ja ko rawaya, a wasu ma ya ɗauke. Alhaji ya leƙa ya ga siminti fes, ya ce ai ta gama, a sake ta ta yi gadi. Alhali yanzu ne ta fara. Yanzu ne za ta tsaya wa namiji, ta karkatar da wutsiya gefe, kuma idan ba a kawo mata ba ita za ta tsallake katanga ta nemo.

Karya ta bambanta da saniya da akuya ta wajen ƙwanta. Ɗanye yake fitowa, sai ya ƙara kwana 2 zuwa 3 a cikin jiki kafin ya nuna. Maniyyin kare kuma yana iya rayuwa a cikinta kusan mako guda. Haɗa waɗannan biyun, sai ka ga ƙofar ɗaukar ciki tana buɗe kwanaki da yawa, kuma haihuwa ɗaya tana iya zuwa da 'ya'yan uba biyu ko uku. Mutum ya biya kuɗi mai yawa an kawo wa Bowabul ɗinsa namiji na asali, washegari ya bar get a buɗe, bayan wata biyu ya ga rabin kwikwiyoyin sun ɗauko kamannin jan karen makanikan bayan layi, ya kama zargin mai namijin da ha'inci. Dokar mai sauƙi ce: daga ranar da aka ga ɗigon farko, a killace ta mako uku cur, in da hali a cika huɗu.

Wanda kuma 'ya'yan yake so, ƙirga kwana shi kaɗai ba ya wadatarwa. Ana yawan cewa a haɗa su rana ta 11 zuwa ta 13, amma wata karyar ƙwanta ya fito tun rana ta 7, wata sai bayan ta 20. Likitan dabbobi yana da hanya mai araha: ya sa ɗan tsinke mai auduga ya shafo ruwan gabanta, ya goga a gilashi, ya sa rini, ya duba a madubin likita. Idan ƙwayoyin fatar sun baje sun yi kusurwa-kusurwa, istirojin ya gama aikinsa, lokaci ya yi. Inda ake da na'ura kuma ana auna sinadarin furojestaron a jini: idan ya kai wajen nanogiram 2 a kowace mililita, LH ya tashi, idan ya kai wajen 5, ƙwai ya fito.

Ina roƙon iyaye su ja wa yara kunne a kan abu ɗaya. Idan kare ya hau karya sukan manne, su juya wa juna baya, su tsaya haka minti 10, 20, wani lokaci fiye da rabin awa. Halittarsu ce: wani sashe na gaban namijin yana kumbura, naman macen ya riƙe shi, sai kumburin ya saɓe da kansa suke rabuwa. Jifa da dutse, da duka da sanda, da watsa ruwan zafi da yara suke yi, zalunci ne da ke yaga naman dabbobin biyu, kuma karen da ya ji zafi ba ya iya gudu cizo zai kai wa wanda ya fi kusa.

Bayan barbara sai mulki ya koma hannun furojestaron, sinadarin riƙe ciki. Abin mamaki a nan shi ne, ko ta ɗauki ciki ko ba ta ɗauka ba, kai ko namiji bai taɓa ta ba, furojestaron zai hau ya zauna sama kusan wata biyu. Shi ya sa auna shi ba ya nuna ciki. Mai nunawa shi ne rilaksin, wanda mabiyiya ce take samar da shi, ana ganinsa a jini wajen mako huɗu bayan barbara, ko kuma a yi hoton ciki. Cikin karya kwana 63 ne daga fitar ƙwai. Ana saura kwana ɗaya ta haihu furojestaron yakan faɗi warwas, zafin jikinta ya sauka da kamar digiri ɗaya, ta ƙi abinci, ta fara tonon wurin kwanciya.

Wadda ba ta da ciki kuma, idan furojestaron ya sauka, furolaktin mai kawo nono yakan tashi. Sai ka ga nonuwanta sun cika har suna ɗiga, ta ɗauke silifas ɗin Hajiya ta kai lungun gareji, ta kwanta ta rungume shi tana lasa, wanda ya zo ɗauka ta yi masa gurnani. Wasu su ce ta haihu ta cinye 'ya'yan, wasu su ce an sace su, a kama tuhumar mai gadi. Cikin bogi ne kawai, kuma yawanci yana wucewa cikin mako biyu ko uku. A ɗauke abin da take reno, kada a tatse nonon, don tatsa ƙara kawo shi take yi.

Wannan wata biyun na furojestaron shi ne lokaci mafi haɗari a rayuwar karya. Yana kaurara bangon mahaifa, ya rufe bakinta, ya rage mata ƙarfin yaƙi da ƙwayoyin cuta. Idan ƙwayar cuta ta samu shiga, mahaifar ta cika da mugunya. Alamun sukan bayyana mako 4 zuwa 8 bayan barbara: shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yawan fitsari, amai, kasala, ƙin abinci, wani lokaci ruwa mai wari yana fita, wani lokaci kuma ba a ganin komai sai ciki ya kumbura. Idan abin ya faɗo a Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Bauchi ke neman digiri 40, kowa zai ce ai zafi ne ya sa take shan ruwa, har a wayi gari ta mutu. Wani bincike da aka yi a Suwidin, aka buga a 2001, daga bayanan inshorar karnuka, ya nuna kusan karya 1 cikin 4 da ba a cire wa mahaifa ba tana kamuwa da wannan ciwo kafin ta cika shekara 10. Maganinsa yawanci tiyata ce ta gaggawa.

Shi ya sa raina yake ɓaci da wata ɗabi'a da ta yaɗu: a aiki yaro kemis ya sayo allurar tsarin iyali ta mata, a danna wa karya don kada ta nemi namiji. Allurar nan dangin furojestaron ce. Wato abin da ke janyo mugunyar mahaifa shi aka ƙara mata, da yawa, na tsawon watanni, ga haɗarin ƙari a nono da ciwon sukari. Akwai kuma masu yin allurar istirojin bayan ta tsallake katanga, wai don a ɓarar da cikin. Ita ma tana jawo mugunyar mahaifa, tana kuma iya kashe ɓargon da ke samar da jini. Haka allurar naƙuda da ake yi barkatai: idan ɗan kwikwiyo ya gicciye a hanya aka matsa mahaifa da allura, fashewa take yi. Waɗannan magunguna aikin likitan dabbobi ne wanda ya duba dabbar da idonsa.

Karya ba ta daina haihuwa don tsufa kamar yadda mace take dainawa. Tana farawa tun tana wata 6 idan ƙaramar iri ce, manyan iri kamar Kokeshiyan sukan kai shekara ɗaya da rabi ko biyu, kuma haka za ta yi ta yi har ƙarshen rayuwarta. Wanda bai shirya renon kwikwiyo shida ko takwas kusan sau biyu a shekara ba, a ganina ya kai ta a cire mata mahaifa da gidan ƙwai gaba ɗaya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne kamar wata 3 bayan ta gama, lokacin da sinadaran suka kwanta, jijiyoyin jinin mahaifa suka saɓe. Manyan iri, a shawarci likita ko za a bari ƙashinsu ya gama ƙwari. Mai shakka ta fuskar addini ya tambayi malaminsa, ya kuma gaya masa gaskiyar abin da ake yi da kwikwiyoyin da ba a so: a zuba su a kwali a ajiye a bakin kwalbati.

Inda yanayin shekara yake da tasiri na zahiri a wurinmu shi ne kan 'ya'yan. Jaririn kwikwiyo ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa a makonnin farko, sanyin asubar Disamba da Janairu a kan siminti yana kashe shi. Damina tana zuwa da kaska da tsutsar ciki da gudawar jini ta fabo, wadda ake fara rigakafinta daga mako 6 zuwa 8. Bazara kuma tana gajiyar da uwa mai ciki, tana rage ƙarfin maniyyin namiji, musamman masu gashin da aka halitta don duwatsun ƙanƙara. Mai kiwo da ya san lissafin karyarsa yana iya tsallake zagaye ɗaya don haihuwa ta faɗo a lokacin da ya fi sauƙi.

Taron karnukan nan a ƙofar gida kuwa ya wuce batun hana barci. A wurin barbara ne wani ƙari mai zubar jini yake yaɗuwa daga gaban kare zuwa na karya, ciwon da ya daɗe a duniya dubban shekaru, kuma yana warkewa da allurar finkiristin a hannun likita. A wurin ne kuma maza suke faɗa su ciji juna, ciwon haukan kare ya samu hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Abin da ke ƙara haɗarin kuwa, karnuka a yankinmu suna tafiya mai nisa, har kasuwar Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke a jihar Filato ake kai su daga jihohin Arewa da dama. Rigakafin kuma ba nisa yake da mu ba: Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa a 1924, tana yin sa. Kwikwiyo ya karɓi nasa yana wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara, kuma ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko mafi kusa, don idan alamun ciwon suka bayyana, magani ya ƙare.

Alhaji, Hajiya, mai gadinku ne yake fara ganin ɗigon jinin nan, shi yake wanke shi da tsintsiya kafin ku fito. Ku kira shi ku gaya masa ya riƙa sanar da ku a ranar, ku rubuta kwanan watan a katin rigakafinta, da ranar da jinin ya tsinke, da ranar da ta daina kula maza. Zagaye biyu ko uku ya isa ku san nata tsarin, ku san watan da za a gyara ƙofar keji, ku kuma san makonnin da za a sa ido a kan kwanon ruwanta. Idan an je wurin likita, a tafi da katin.